Kafaɗar Ɗan Adam: Ƙirarta, Motsinta da Hanyoyin Kiyaye Ta



Gabatarwa

Duk wanda ya tashi daga birnin Kano ya yi kudu, ya ratsa ƙasar Bebeji da ta Kiru, ya bi ta Tudun Wada, ya keta dajin Falgore har ya dangana da ƙasar Doguwa, zai ga jama'a iri-iri a bakin neman abinci. Zai ga masunci yana wurga birgi a madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Zai ga 'yan dako suna lodin buhuna a kasuwar Kwanar Ɗangora, da masu bugun shinkafa a Tudun Wada, da manoma suna huɗar masara a gindin duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. A cikin gidaje kuwa ga mata suna daka, suna jan guga, suna ɗora tulu a ka. Sana'o'in sun bambanta, amma dukansu gaɓa ɗaya suke ci da guminta, watau kafaɗa. Ranar da ta ƙi, manomi ya yi asarar damina, gidansa kuma ya shiga sayen hatsi da kwano.

Manufar wannan lacca ita ce bayyana yadda aka ƙera kafaɗa da yadda take motsi, domin a gane abu guda: babu wata gaɓa a jikin mutum da ta kai ta sakewa, kuma wannan sakewar ta samu ne saboda nama ke riƙe da ita fiye da ƙashi. Wanda ya fahimci haka zai san dalilin da ya sa fizga take yi mata lahani, ya kuma san dalilin da ya sa dogon ɗauri yake yi mata lahanin da ya kusan kai na fizgar.

Ƙasusuwa Uku

Ƙasusuwa uku ne suka taru suka yi kafaɗa. Na farko shi ne ƙashin wuya, wanda ya miƙa daga saman ƙirji zuwa bakin kafaɗa, mai ɗan lanƙwasa biyu, wanda kowa ke iya shafawa da yatsa. Aikinsa tokara ne: shi ke tokare kafaɗa nesa da ƙirji domin hannu ya sami filin lilo. Shi ne ƙashin da ke fara ƙwari tun ɗan tayi yana mako na biyar zuwa na shida a ciki, shi ne kuma ke zama na ƙarshe wajen gama girma, sai mutum ya haura shekara 20.

Na biyu shi ne allon kafaɗa, mai faɗi, mai kusurwa uku, wanda ke kwance a bayan haƙarƙari. A samansa akwai wani tudu da ya miƙo ya yi rumfa bisa gaɓar, a gefensa kuma akwai ɗan gurbi mara zurfi. Na uku shi ne ƙashin dantse, mai dunƙulallen kai, wanda ke zaune a wannan gurbin.

Abin lura a nan shi ne, hannu dungurungum wuri ɗaya tak ya haɗu da gangar jiki ƙashi da ƙashi, watau inda ƙashin wuya ya sadu da ƙashin ƙirji. Allon kafaɗa bai manne da ƙashin baya ko da haƙarƙari ba. Tsokoki ne, wajen 17, suka kama shi ta kowane gefe. Mahauta sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya ga yadda ake cire karfata da wuƙa kawai, ba a nemi gatari ba, alhali cinya sai an ɓalle ta daga gurbinta. Rago da sa da doki ba su da ƙashin wuya ko kaɗan, domin ƙafarsu ta gaba gaba da baya kurum take zuwa. Mutum kuwa, da yake hannunsa na kaiwa sama da gefe da baya, sai aka yi masa tokara.

Gaɓoɓi Huɗu

Abin da jama'a ke kira kafaɗa gaɓoɓi huɗu ne masu aiki tare. Akwai mahaɗar ƙashin wuya da ƙirji; akwai mahaɗar ƙashin wuya da rumfar allo, can a ƙololuwar kafaɗa; akwai zamiyar da allo ke yi bisa haƙarƙari, wadda ba gaɓa ce ta haƙiƙa ba amma tana aikin gaɓa; sa'an nan ga babbar, mahaɗar allo da dantse.

Za a fi gane babbar gaɓar in an gwada ta da ta ƙugu. Kan ƙashin cinya ya nutse cikin gurbinsa kamar taɓarya a turmi, saboda haka da wuya ya fita. Kan ƙashin dantse kuwa tamkar tulu ne bisa gammo, domin gurbin bai rufe fiye da rubu'i zuwa sulusin kan ba. Akwai wani leɓe na guringuntsi da ya kewaye bakin gurbin yana ƙara masa zurfi, sa'an nan wata jaka mai sassauci ta lulluɓe gaɓar duka, tana ɗauke da ruwa mai yauƙi wanda ke hana ƙasusuwa gugar juna. Jakar tana da rara a wajen hammata, kamar aljihun riga, domin hannu ya iya miƙewa sama. Nan ne kuma ta fi rauni, ta gaba da ta ƙasa.

Tsokoki da Jijiyoyi

Hausa tana kiran abubuwa uku da suna ɗaya, watau jijiya, kuma ya kamata a rarrabe su. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiyar da ke kai saƙo daga laka zuwa tsoka ta kuma komo da ji. Akwai kuma farar igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, wadda mahauta ke kira agara.

Tsokokin kafaɗa hawa biyu ne. Na waje su ne manya, masu ƙarfi: tsokar da ta yi wa kafaɗa hula, wadda likitoci suka laƙaba wa sunan harafin Girkanci mai kusurwa uku, watau delta, da tsokar ƙirji, da faffaɗar tsokar baya wadda mai jan guga da mai tuƙa kwalekwale suka dogara da ita, da wadda ta sauko daga ƙeya ta rataye allo. Na ciki ƙanana ne guda huɗu, ana iya kiransu mariƙa. Duka daga allo suka taso, ɗaya ta sama, biyu ta baya, ɗaya ta gaba, agararsu ta haɗu ta rungume kan dantse. Aikinsu shi ne danna kan dantse a tsakiyar gurbi yayin da manyan ke ja. In da babu su, da tsokar hula ta ja sai kan dantse ya haura ya daki rumfa, hannu bai ɗagu ba. Manyan tsokoki su ne doki, mariƙa kuwa linzami.

Tsakanin rumfa da kan dantse akwai 'yar tazara da ba ta wuce kimanin santimita 1 ba. Ta nan agarar mariƙiya ta sama ke wucewa, tare da wata 'yar jakar ruwa da ke yi mata matashi. Yawancin ciwon kafaɗar manya a wannan lungu yake farawa.

Jijiyoyin saƙo kuwa saiwa biyar ne, suna fitowa daga laka a ƙasan wuya, su sarƙe da juna, su bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya su shiga hammata tare da babbar jijiyar jinin hannu. Duk abin da hannu ke yi, har ɗaga ɗan yatsa, ta wannan mashiga umarninsa ke bi.

Yadda Hannu ke Ɗagawa

Daga inda hannu ke rataye a gefe zuwa inda ya miƙe sama sak akwai digiri 180, rabin da'ira ke nan. Babbar gaɓa ita kaɗai ba ta iya wannan tafiya. Kimanin digiri 120 ne nata, sauran 60 kuwa allon kafaɗa ne ke juyawa bisa haƙarƙari ya ɗaga gurbin ya fuskanci sama. Wani likitan Amurka mai suna Ernest Codman ya yi bayanin wannan tafiya tare a littafinsa na 1934, sa'an nan a 1944 Inman da abokan aikinsa suka auna ta da hoton ƙashi, suka sami cewa a jimlace duk digiri 2 na dantse allo yana bayar da 1. Mai sauraro na iya tabbatar da haka a gida, in ya ɗora tafinsa a bayan ɗan'uwansa ya ce ya ɗaga hannu. Zai ji ƙasan allo yana zamewa waje zuwa hammata.

Akwai sharaɗi na biyu. Sai dantse ya murɗa waje, tafi ya dubi sama, kafin ƙullutun da ke gefen kansa ya kuɓuce wa rumfa. Wanda ya juya babban yatsansa ƙasa ya yi ƙoƙarin ɗaga hannu ta gefe zai ji ya cije tun bai yi nisa ba. Sharaɗi na uku shi ne miƙewar baya: wanda ya duƙa, allonsa ya kifo gaba, lungun nan ya ƙara matsewa. Saboda haka ne tsohon da ya shekara arba'in yana duƙe bisa fartanya yake shan wuya kafin ya ɗora kwarya bisa rumbu, haka ma akawun da ya wuni a sunkuye bisa tebur.

Batun nauyi kuma lissafi ne mai sauƙi. Daga kafaɗa zuwa tafi akwai kimanin santimita 60, amma tsokar hula tana ja ne a tazarar da ba ta fi santimita 3 daga tsakiyar gaɓa ba. Ashe ke nan, wanda ya riƙe kilo 5 da miƙaƙƙen hannu ya sa tsokarsa jan abin da ya kai kilo 100. A 1978 masu bincike biyu, Poppen da Walker, suka lissafa cewa ɗaga hannu wayam zuwa daidai kafaɗa yana matsa gaɓar da ƙarfin da ya kusan kashi 9 cikin 10 na nauyin jikin mutum. Wannan ya nuna hikimar ɗan dako da ke rungumo buhu jikinsa kafin ya ɗaga, da ta macen da ke kiran 'yar'uwarta ta ɗora mata tulu. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ilimin ƙirar jiki kuma bai musa ba.

Raunukan da Suka fi Yawa

Na farko gocewa. A cikin manyan gaɓoɓin jiki kafaɗa ce ta fi kowace gocewa, kuma fiye da 9 cikin 10 ta gaba kan dantse ke fita. Yakan faru ne sa'ad da hannu ke sama, ya murɗa waje, aka kuma tura shi baya, kamar ɗan kokawa da aka kayar ya dafa ƙasa, ko wanda sa ya fizge wa igiya, ko wanda ya faɗo daga babur. Alamarta a fili take: kafaɗa ta rasa zagayenta ta yi kusurwa, mutum ya tallafe hannunsa ya ƙi yarda a taɓa. Farfaɗiya da jan lantarki kuwa sukan fitar da shi ta baya, irin wannan kuma yakan ɓoye wa ido. A 1923 likitan Ingila Bankart ya nuna cewa leɓen guringuntsi yakan yage daga bakin gurbi a gocewar farko, shi ya sa take komowa, musamman ga matasa 'yan ƙasa da shekara 20. Ga dattijo kuwa abin tsoro shi ne tsinkewar mariƙa ko karaya tare da gocewar.

Na biyu karayar ƙashin wuya, wadda galibi a tsakiyarsa take aukuwa in an faɗi bisa kafaɗa. Mafi yawanta tana haɗewa da rataya hannu kawai, yaro cikin mako 3 zuwa 6, babba cikin mako 6 zuwa 12. Ƙullutun da ke fitowa a wurin sabon ƙashi ne, yakan ragu daga baya. Wadda ta huda fata, ko ta goce ƙwarai, ko ta zo da mutuwar hannu, aikin asibiti ce.

Na uku cinyewar agarar mariƙa. Wannan ciwon shekaru ne da maimaita aiki sama da kai, irin su daka, sussuka, saran itace, yaɓen soro da rubutu a allon makaranta. A 1972 likita Charles Neer ya bayyana yadda agara ke guga da rumfa. Mai ciwon yana jin zafi in hannu ya kai tsakanin digiri 60 da 120, ya kasa kwanciya ta wannan gefe da dare. Maganinsa na farko shi ne rage aikin sama na ɗan lokaci da ƙarfafa mariƙa ta hanyar motsa jiki bisa koyarwar ma'aikacin gashin ƙashi.

Na huɗu sandarewar kafaɗa. Jakar gaɓa ce ke kumbura, ta yi kauri, ta tsuke, aljihun hammata ya shafe. Ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60, ta fi kuma yawa ga masu ciwon suga da waɗanda aka ɗaure wa hannu aka daɗe. Mace ta kasa ɗaura kallabi, namiji ya kasa sa babbar riga. Tana iya ɗaukar shekara 1 zuwa 3 kafin ta saki, kuma duk wanda ta kama ya dace a auna jininsa a ga ko akwai suga.

Na biyar na jarirai ne. In kai ya fito kafaɗa ta maƙale, aka ja kan da ƙarfi, saiwoyin sama na jijiyoyin saƙo sukan miƙe ko su tsinke, jariri ya zo da hannu ɗaya a sake. Likitan Jamus Wilhelm Erb ya yi bayaninsa a 1874. Da yawa suna warkewa cikin watanni in ana motsa musu gaɓar kullum a hankali, amma wanda ya kai wata 3 bai fara lanƙwasa gwiwar hannu ba lalle a kai shi ga ƙwararru. Hakan na ɗaya daga dalilan da suka sa ake son mai ciki ta je awo, musamman mai ciwon suga, wadda ɗanta kan yi girma.

Ciwon da Tushensa ke Wani Wuri

Ba duk ciwon kafaɗa ne na kafaɗa ba. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki jijiyarsa daga wuya ta sauko, daga inda jijiyar fatar kafaɗa ta fito, saboda haka abin da ya taɓa shi a kafaɗa ake jinsa. Ciwon matsarmama ko ƙurjin hanta yakan bayyana a kafaɗar dama. Wanda ya yi haɗari ya ce ƙololuwar kafaɗarsa ta hagu na zafi, ana tsoron saifarsa ta fashe. Macen da ta yi ɓatan wata, ga ciwon mara, ga jiri, ga ciwon kafaɗa, ana tsoron ciki ne a wajen mahaifa ya fashe. Nauyin ƙirji da gumi da zafi mai sauka hannun hagu alamar bugun zuciya ce. Masu cutar sikila kuma kan dantsensu yakan mutu saboda toshewar jini. Ka'ida mai sauƙi ita ce, in motsa hannu bai ƙara ciwon ba, a nemi dalilinsa a wani wuri, kuma a gaggauta.

Ɗori da Asibiti

Gyaran kafaɗa tsohon ilimi ne. Wata takardar Misira da aka rubuta wajen shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa ta faɗi yadda ake gyara karayar ƙashin wuya. Bukrata na Girka ya bayyana mayar da gocewa ta hanyar sa dunduniya a hammata. Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, da Ibn Sina, wanda ya kammala Alƙanun a 1025, duka sun yi babi a kan karaya da gocewa. Maɗoran ƙasar Hausa su ma gadon wannan sana'a suke yi, suna kusa da jama'a, ana kuma yarda da su. Ba daidai ba ne a raina su.

Sai dai akwai abin da hannu ba ya gani. Gocewar da ta zo tare da karaya, in aka fizge ta ba hoto, ana iya raba kan dantse da jikinsa ko a tsinke jijiya. Gocewar da aka ɗauka targaɗe ce aka yi ta shafa mata magani har ta wuce mako 3, nama yakan cike gurbin, mayar da ita kuma sai da tiyata. Mafi muni shi ne ɗaurin karare da ya matse dantse yana cikin kumbura. Tsokar da jini ya yanke mata tana fara mutuwa cikin kimanin awa 6, kuma likitocin ƙashi a Nijeriya sun sha ba da rahoton yara da aka yanke wa hannu ta wannan hanya. Alamun haɗari biyar ne: zafi mai ƙaruwa, kumburin yatsu, sanyinsu, sauyin launinsu, da mutuwar ji. Aka ga ɗaya daga ciki, a kwance ɗaurin nan take a kama hanyar asibiti, ko da tsakar dare ne. Jihar Kano tana da Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988.

Bayan an mayar da gocewa, rataya ta mako 1 zuwa 3 ta isa ga yawancin mutane, sa'an nan a fara motsi kaɗan-kaɗan: a sunkuya a bar hannu ya yi lilo, a bi bango da yatsu ana hawa, a riƙe sanda da hannu biyu mai lafiya yana taimakon mai ciwo. Yatsu da gwiwar hannu kuwa tun ranar farko ake motsa su.

Kammalawa

Akwai aiki a wuyan waɗanda suka hallara a nan. Malamin gona da ke zagaya ƙauyukan Kiru da Bebeji yana iya koya wa manoma su daidaita maɗaurin tankin feshi, wanda ruwansa kaɗai ke kai kilo 16 ko 20, su kuma riƙa hutawa tsakanin tanki da tanki. Shugabannin kasuwa suna iya sa doka cewa buhu mai kilo 100 mutum biyu ke ɗora shi. Kowace rijiyar burtsatse da kowane injin niƙa da aka kafa a Doguwa ko Tudun Wada ragi ne ga kafaɗun mata. Sashen lafiya na ƙaramar hukuma yana iya tara maɗora da ungozomai, cikin girmamawa, a nuna musu alamun haɗari da ranar da ya kamata su miƙa mara lafiya gaba. Hukuma kuma ta tabbata na'urar hoton ƙashi tana aiki a manyan asibitocin yankin, da wuta da ma'aikaci, domin nisan birni shi ke sa mutane jinkiri. Ɗaliban likitanci da na gashin ƙashi a Jami'ar Bayero, su kuma, su tuna cewa mafi yawan kafaɗun da ke bukatarsu suna karkara.

Rigakafi ya fi magani. A matso da kaya kusa da jiki kafin a ɗaga, a nemi mataimaki wajen ɗorawa, kada a fizgi gaɓar da ta goce, kada a matse ɗauri, kada kuma a bar kafaɗa a ɗaure fiye da yadda ya wajaba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa albarka a cikin abin da aka saurara.